An Ƙara Maka Limit: Murna Za Ka Yi Ko Lissafi?

Duk wanda ya taɓa karɓar bashi ta waya ya san wannan saƙon. Yakan shigo ne daidai lokacin da aljihu ya bushe: ana rijistar sabon zango, kuɗin handawut bai cika ba, garin kwaki ya ƙare a loka, gida kuma sun ce a yi haƙuri sai an sayar da masara. Sai wayarka ta yi ƙara, ka duba ka ga manhajar bashi tana taya ka murna da Turanci, wai saboda ka biya a kan lokaci an ɗaga maka iyakar abin da za ka iya ranta daga N10,000 zuwa N25,000. A hostal har nuna wa juna ake yi, ka ji mutum yana cewa "ni fa limit ɗina ya kai dubu hamsin", sai ka ce wanda ya ci jarrabawa.

To ɗan uwa ɗalibi, 'yar uwa ɗaliba, kafin a yi murna ya kamata a san me aka ba mu, nawa ake karɓa a kansa, kuma a wane littafi ake rubuta sunanmu. Domin wannan sunan shi za mu fita da shi daga makaranta tare da takardar diflomarmu.

Littafin mai shago

Tsarin ba baƙo ba ne a wurinmu. Mai shagon unguwa yana da littafi. Ranar farko da ka nemi bashi, sukari da ganyen shayi zai ba ka. In ƙarshen wata ya zo ka biya ba tare da an aiko yaro ba, wata mai zuwa zai iya ba ka kwanon shinkafa. In ka ɗore a haka, wata rana har buhu zai ba ka. Haka mai sayar da taki a Funtua ko Dandume yake yi da manomi: bana buhu biyu da damina, a biya da kaka, in aka cika alkawari, baɗi buhu biyar.

Abu biyu ne a cikin wannan mu'amala. Akwai iyaka, wato yawan abin da aka yarda a ba ka. Akwai kuma suna, wato abin da aka sani game da yadda kake biya. Sunan ne ke haifar da iyakar. Mai shago ya san gidanku, ya san mahaifinka, ya san limamin unguwarku. Banki da manhaja ba su san ko ɗaya ba, shi ya sa suke dogara da tarihin da aka rubuta a kwamfuta. Bambanci na biyu kuma, mai shago ba ya cajin ka don ya ƙara maka iyaka. Su kuwa daga nan ribarsu take fitowa.

Inda aka fi sanin katin farawa

A Amurka yawancin baligai suna da makin bashi. Wanda aka fi amfani da shi sunansa FICO, yana tashi daga 300 zuwa 850. Kashi 35 cikin ɗari na makin ya dogara ne da ko kana biya a kan lokaci, kashi 30 kuma da yawan bashin da ke kanka idan aka gwada shi da iyakar da aka ba ka. Mai ƙaramin maki yakan sha wuya wajen samun bashin mota ko na gida, wani lokaci har gidan haya.

Wanda bai da tarihi ko kaɗan, ko wanda sunansa ya ɓaci, akwai katin da ake ba shi don ya fara gina suna. Iri biyu ne. Na farko katin jingina: ka ajiye, misali, dala 200 a banki, a ba ka kati mai iyakar dala 200. Ka riƙa sayen ɗan abu da shi kana biya duk wata, banki yana kai rahoto cewa kana cika alkawari. Bayan wasu watanni sai a ƙara maka iyaka ko a maido maka da ajiyarka. Na biyu ba ya buƙatar ajiya, sai dai an cika shi da caje-caje: kuɗin buɗewa, kuɗin shekara, kuɗin kula da asusu duk wata. Wani rahoto da wata cibiyar kare haƙƙin masu sayayya ta Amurka ta fitar a 2007 ya kawo misalin kati mai iyakar dala 250 wanda tun ranar farko ake ɗora masa cajin dala 178. Abin da ya rage wa mai katin ya kashe dala 72 ne kacal.

Abin ya yi yawa har majalisar ƙasar ta yi doka a 2009, ta ce cajin shekarar farko kada ya wuce kashi 25 cikin ɗari na iyakar katin. Masu katin suka canza ƙofa. A ƙarshen wannan shekarar aka ga kati mai kuɗin ruwa kashi 79.9 cikin ɗari a shekara. Wasu kuma suka riƙa cajin kashi 25 cikin ɗari na duk ƙarin iyakar da suka yi: a ƙara maka dala 100, a rubuta maka bashin dala 25 tun ba ka sayi ko allura ba.

Akwai darasi ɗaya da ya kamata mu ɗauko daga can. Me ya sa ƙarin iyaka yake taimakon maki? A ce ana bin ka dala 90, iyakarka 300, ka ci kashi 30 cikin ɗari ke nan. In aka mayar da iyakar 600 kuma bashinka yana nan a 90, ka koma kashi 15, makinka ya ƙaru. In kuwa ka bi ƙarin ka cinye, ba abin da ya ƙaru sai nauyin da ke wuyanka. Ƙarin iyaka yana amfanar wanda bai taɓa shi ba.

Namu katin yana cikin waya

A Najeriya katin bashi na banki bai yaɗu ba, kuma yawanci ma'aikaci mai albashi ake ba. Katin da ke aljihunka na cire kuɗinka ne a ATM ko wurin mai POS. Amma tsarin fara da kaɗan, biya, a ƙara maka, ya shigo mana ta waya.

Matakin farko da kowa ya taka shi ne rancen katin waya. Kamfanin layi yana duba tsawon zamanka da layin da yawan katin da kake sawa, sannan ya yanke nawa zai ranta maka. A tsarin da MTN ya daɗe yana yi, ana cire kashi 15 cikin ɗari tun farko: ka ranci N1,000, a sa maka N850, ka biya N1,000. Lura da kyau: N150 ɗin a kan N850 da ta shigo hannunka ka biya shi, wato kusan kashi 18 cikin ɗari, kuma sau da yawa cikin kwana biyu ko uku ka sa kati an cire.

Mataki na biyu su ne manhajojin bashi irin su FairMoney, Carbon, Branch, OKash da Palmcredit, da kuma masu ba da waya a biya kaɗan-kaɗan. Ba duka suka taru suka zama ɗaya ba. Wasu suna da lasisin ƙaramin banki daga Babban Bankin Najeriya, CBN. Wasu suna da rajista da hukumar kare masu sayayya. Akwai kuma tarin wasu da ba su da ko ɗaya, ana turo su ta WhatsApp, ba ofis ba adireshi.

Mu yi lissafi

Ga misali. Alƙaluman na koyarwa ne, ba na wani kamfani ba, kowa ya sa nasa a gurbinsu. Manhaja ta ce za ta ba ka N10,000 na kwana 14. Ta cire N1,000 kuɗin aiki, alat ɗin N9,000 ya shigo. Ranar biya ana neman N11,500. A allon wayar za a rubuta maka ruwa kashi 15 cikin ɗari. Gaskiyar magana ka karɓi N9,000 ka mayar da N11,500, ka yi asarar N2,500, wato kusan kashi 28 cikin ɗari a mako biyu. Shekara tana da irin wannan mako biyun sau 26. Wanda ya riƙa juya bashin haka har shekara ya biya sama da kashi 700 cikin ɗari.

Yanzu ka biya a kan lokaci, an ɗaga ka zuwa N25,000. Da wannan farashin za ka karɓi N22,500 ka biya N28,750, asara N6,250. Ka sake biya, an kai ka N50,000: ka karɓi N45,000, ka biya N57,500, asara N12,500. Haɗa ukun: N21,250 cikin mako shida. Wannan ya fi N20,000 da asusun lamunin ɗalibai yake ba ɗalibi na ɗawainiyar wata guda cur.

Ka ga ke nan ko da ba a rubuta "kuɗin ƙarin iyaka" a ko'ina ba, ka biya shi. Tunda cajin kaso ne na abin da ka ranta, duk matakin da ka hau, abin da kamfani yake samu a kanka ya ninka. Shi ya sa yake taya ka murna. Kuma iyakar tana hawa ne da sauri fiye da kuɗin shigarka. Abin da ake turo maka daga gida bai canza ba, ɗan abin da kake samu a gyaran waya ko ɗinki ko sayar da data bai canza ba. Wata rana iyaka za ta wuce ƙarfinka, sai ka buɗe manhaja ta biyu don ka biya ta farko. Daga nan ake fara tona rami ana cike wani.

Tambayoyi huɗu ne suke fito da ainihin farashi: nawa zai shigo asusuna? Nawa zan mayar gaba ɗaya? Cikin kwana nawa? In na makara kwana ɗaya, nawa ake ƙarawa? Manhajar da ba ta nuna maka amsar huɗun nan kafin ka danna ba, rufe ta.

Ina ake rubuta sunanka?

Tun da aka ƙaddamar da BVN a Fabrairun 2014, duk asusunka na banki sun koma ƙarƙashin lamba ɗaya. Akwai kamfanoni uku masu lasisin CBN da aikinsu shi ne tara tarihin bashin mutane: CRC Credit Bureau, FirstCentral da CreditRegistry. Su ne littafin mai shago na ƙasa baki ɗaya. CRC ma yana ba da maki daga 300 zuwa 850 irin na Amurka. Dokar da ta tsara aikinsu, wadda aka sa wa hannu a Mayun 2017, ta ba ka damar karɓar rahotonka kyauta sau ɗaya a shekara, ta kuma ba ka damar ƙalubalantar duk kuskuren da ka gani a ciki. Dokar ta ce a riƙe bayanin aƙalla shekara shida. Wato bashin N8,000 da ka yi watsi da shi a ND I zai iya jiran ka har ka gama HND, ka yi bautar ƙasa, ka je neman jarin buɗe shago.

Cire layi a jefar ba ya goge komai, domin da BVN aka ɗaure bashin. Sannan tun 1 ga Agusta, 2020, CBN ya fara aiki da wani tsari mai suna GSI: in ka sa hannu a kansa lokacin karɓar bashi kuma ka ƙi biya, bankin da ke bin ka zai iya cire uwar kuɗin da ruwanta daga asusunka na wani bankin daban da ke cikin tsarin.

Wani abu da ɗalibai da yawa ba su sani ba: limit ɗin da kake gani a manhaja na cikin gidanta ne. In ba ta kai rahoton biyanka ga waɗancan kamfanoni uku, to sunan da kake ginawa bai wuce ƙofarta ba. Ka biya ruwa sau goma, ka je banki a ce ba a san ka ba. Don haka in gina suna ne burinka, karanta sharuɗɗan ka ga ko suna kai rahoto, bayan wata biyu ko uku kuma ka karɓi rahotonka ka tabbatar.

Mu 'yan yankin noma akwai ƙarin abin lura. Shirin ba manoma lamuni na Anchor Borrowers, wanda aka ƙaddamar a Kebbi a Nuwamban 2015, ya shigo yankinmu ta ƙungiyoyin manoman auduga da masara da shinkafa. An riƙa ba da iri da taki da magani, a biya da amfanin gona. Mutane da dama sun ɗauka rabon gwamnati ne, alhali bashi ne da aka rubuta da BVN. In ka taɓa ba wani lambarka don a sa sunanka a jerin wata ƙungiya, daga Bakori zuwa Danja, Kafur ko Malumfashi, ka daure ka duba rahotonka. Gara ka gani da idonka yanzu da a nuna maka a gaban tebur ranar da kake neman taimako.

Me doka ta ce?

Jagorar caje-caje ta CBN da ta fara aiki a Janairun 2020 ta ƙayyade wa bankuna cewa kuɗin gudanar da bashi kada ya wuce kashi 1 cikin ɗari, sau ɗaya. In aka ƙara maka iyaka, cajin ƙarin kada ya wuce kashi 1 cikin ɗari na abin da aka ƙara. Tarar makara kuma kashi 1 cikin ɗari ne a wata a kan abin da ba a biya ba. Shi kansa kuɗin ruwan an bar shi ga yarjejeniya tsakaninka da banki, shi ya sa sai ka buɗe ido. Amma aƙalla ka sami ma'auni: in wani ya cire maka kashi 10 da sunan kuɗin aiki, ka san ya ninka abin da aka yarda banki ya karɓa sau goma.

Batun tozarci kuma, da yawa mun taɓa samun saƙo a kan wani abokinmu, ana kiran sa ɓarawo saboda bashin 'yan dubbai. A Agustan 2021 hukumar NITDA ta ci tarar kamfanin Soko Lending naira miliyan 10 saboda irin wannan keta sirrin. A Maris 2022 hukumar kare masu sayayya, FCCPC, ta kai samame ofisoshin wasu masu manhajar bashi a Legas, daga baya ta wajabta musu rajista, kuma tana wallafa sunayen waɗanda ta amince da su a shafinta. Daga 31 ga Mayu, 2023, Google ya hana manhajojin bashi da ke Play Store shiga lambobin wayarka da hotunanka. Dama ƙa'idarsa ta hana bashin da ake neman a biya shi duka cikin kwana 60 ko ƙasa da haka. A 2025 FCCPC ta fito da sababbin dokoki da suka wajabta bayyana sharuɗɗa a fili, suka hana tura wa mutum bashin da bai nema ba, da tara har naira miliyan 100. Saboda haka manhajar da ta ce sai ka buɗe mata lambobin wayarka, ko wadda aka turo maka ta wata hanya a waje da Play Store, ta riga ta gaya maka ko ita wace ce.

Sai 'yan damfara. Duk wanda ya kira ka ko ya turo saƙo cewa ka tura N2,000 ko N5,000 a ɗaga maka limit, ko a goge sunanka daga jerin masu taurin bashi, ɓarawo ne. Haka wanda ya nemi lambar sirrin katinka ko lambar da banki ya turo maka ta tes. Ba a sayen suna mai kyau, kuma ba wanda zai iya goge bayanin gaskiya don an ba shi na goro.

In suna ya riga ya ɓaci

Bashi hanji ne, yana cikin kowa. In ka riga ka faɗa, akwai hanyar fita, sai dai tana son haƙuri. Ka zauna da biro da takarda ka rubuta duk wanda ke bin ka, nawa, da ranar biya. Ka daina ranto sabo don biyan tsoho, ko da za a yi ta kira. Ka tuntuɓi mai bashin ta hanyar da yake da ita a hukumance, ka nemi a raba maka biyan ko a sassauta tara. Wasu sukan yarda, domin samun wani abu ya fi musu rasa duka. In ka gama biya, ka karɓi takardar shaidar cewa ba a bin ka, ka adana rasit da hoton alat. Bayan 'yan makonni ka duba rahotonka. In har yanzu ana nuna ana bin ka, ka kai ƙorafi da shaidarka. Tarihin makarar ba zai ɓace nan take ba, amma "ya makara ya biya" da "bai biya ba" ba ɗaya ba ne a idon wanda zai duba.

Kuma ka gaya wa wani babba a gida. Kunyar minti biyar a gaban Baba ko Yaya ta fi saƙon tozarci ya isa wayarsu.

Akwai wasu ƙofofin

Da yawa daga cikinmu ba ma son ko kusantar kuɗin ruwa saboda addini, kuma lissafin da muka yi a sama ya nuna ko a aljihu ma hakan kariya ce. Asusun lamunin ɗalibai na NELFUND, wanda aka sa wa dokarsa hannu a Afrilun 2024 aka buɗe shafinsa a watan Mayu, ba ya ɗora ruwa. Yana biyan kuɗin makaranta kai-tsaye, yana ba da N20,000 a wata ga wanda ya nemi na ɗawainiya, biya kuma sai shekara biyu bayan bautar ƙasa, a riƙa cire kashi 10 cikin ɗari na abin da kake samu. Amma a tuna, shi ma bashi ne, da sunanka aka rubuta shi. Akwai bankunan da ba sa mu'amala da ruwa, irin su Jaiz da ya fara aiki a 2012 da TAJBank da ya biyo baya a 2019, inda ake saya maka kaya a sayar maka da ribar da aka faɗa tun farko. A nan ma ka tambayi jimillar abin da za ka biya.

Ga kuma adashe, wanda iyayenmu mata suka riƙe gidaje da shi. Ɗalibai goma amintattu, kowa N1,000 a mako, duk mako mutum ɗaya ya kwashi N10,000. Daidai abin da manhajar misalinmu ta yi alkawari ke nan, ba a cire N1,000 ba, ba a ɗora N1,500 ba. Ba zai shiga rahoton wani kamfani ba, amma zai kai ka ƙarshen zango ba tare da kana tsoron ɗaga waya ba.

Don haka gobe in saƙon taya murna ya shigo, ka tambayi kanka abu ɗaya: jiya, kafin in ga wannan saƙon, ina da buƙatar wannan kuɗin? In amsar a'a ce, bar iyakar ta zauna inda take. In e ce, ɗauki abin da ka tabbata za ka iya biya daga kuɗin da ka san ranar zuwansa, ba wanda kake fata ba. Allah Ya rufa mana asiri, Ya ba mu sa'ar jarrabawa, Ya sa mu fita daga makarantar nan da takarda mai kyau da suna mai kyau.